Jagorar Farfaɗo da Tsohuwar Mota a Birnin Katsina: Daga Takardu Zuwa Fenti

A tsofaffin unguwannin birnin Katsina, irin su Kambarawa wadda tun da can mazaunin fatake da 'yan kasuwa ce, akwai motocin da suka shafe shekaru a kulle cikin garejin gida ko a yashe a gindin bedi, tayoyinsu sun sace, ƙura ta rufe gilasansu, kuma mafi yawansu na iyaye ne ko kakanni da suka riga mu gidan gaskiya. Masu sha'awar dawo da irin waɗannan motoci kan titi sukan faɗa cikin kurakurai iri ɗaya, waɗanda mafi munin su biyu ne: ɗaura sabon batir a murza makulli tun ranar farko domin a ji ko injin zai tashi, da kuma garzayawa wurin mai fenti kafin a duba shasi da birki. Na farko yana iya kashe injin da ya yi shekara ashirin yana jira lafiya lau, na biyu kuma yana cinye kuɗin da ya kamata a kashe a wuraren da rai ya dogara a kansu. An tsara wannan jagora ne domin bayyana jerin da aikin ke bi, tare da dalilin da ya sa kowane mataki ya zo a inda ya zo.

Ba kowace tsohuwar mota ce motar tarihi ba. Ƙungiyar masu adana tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, wadda aka kafa a 1966, ta ɗauki motar tarihi a matsayin wadda ta kai shekara 30 ko fiye, aka kiyaye ta a kan siffar da aka ƙera ta, kuma ba ita ce motar zirga-zirgar yau da kullum ta mai ita ba. A bisa wannan ma'auni, abin da ake da shi a ƙasar Hausa yana da yawa, domin kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya harhaɗa 404 da 504 da 505 masu ɗimbin yawa, kamfanin Volkswagen na Legas kuma ya fara fitar da Beetle a wannan shekarar, wadda ta zo daidai da lokacin da kuɗin Udoji suka shiga hannun ma'aikatan gwamnati. Ga kuma Mercedes-Benz samfurin W123 da aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, wadda ta zama motar alhazai da manyan ma'aikata, sai Land Rover ta hakimai da malaman gona. Mercedes 230.6 da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, tana ajiye a gidan tarihi na Onikan da ke Legas da ramukan harsashi a jikinta, kuma ta isa misali cewa darajar irin wannan mota tana cikin barin ta yadda tarihi ya bar ta.

Abubuwan da ake buƙata

Kafin a taɓa ƙusa ɗaya, mai aikin yana buƙatar waɗannan:

- Wuri mai rufi da daɓen siminti wanda ake iya kullewa, kuma motar za ta iya zama cikinsa watanni ba tare da ta tare wa kowa hanya ba.
- Cikakken jerin sifanoni da soket na ma'aunin milimita, da sukundireba da filaya. Tsohuwar Land Rover da sauran motocin Ingila suna buƙatar sifanonin ma'aunin inci.
- Sifanar auna ɗauri, wato wadda ke nuna iyakar ƙarfin da za a ɗaure kowane noti da shi.
- Jak mai ƙarfi da ƙafafun ƙarfe huɗu na tallafe mota.
- Mitar lantarki, da ma'aunin matsin silinda, da siraran ƙarafan auna tazara.
- Ƙaramin maganaɗisu, da tocila, da ledoji, da alƙalamin rubutu a kan leda, da littafin rubutu.
- Tukunyar kashe gobara mai hoda, da tabarau na kariya, da safar hannu, da takunkumin hanci.
- Littafin gyara na ainihin samfurin motar, ko bugagge ko wanda aka sauke daga intanet.

Abin da ya fi waɗannan duka wuyar samu shi ne bakaniken da ya koyi aiki a kan kafireta da distiribita. Yawancin matasan gareji na yanzu sun tashi ne a kan motocin da ake duba su da kwamfuta, saboda haka neman dattijon da ya yi zamanin Fijo, ko da ya daina fita gareji, ya fi sayen kowane irin kayan aiki amfani.

1. Zaɓen mota

Mai sabon shiga ya zaɓi motar da kayanta ke samuwa a kusa. Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a 1968 kuma aka ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, ita ce mafi sauƙi, domin ana samun kayanta a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, har ma a Maraɗi. Beetle tana bi mata, saboda an ƙera fiye da miliyan 21 kafin a dakatar da ita a Meziko a 2003, kuma har yanzu ana ƙera sababbin kayanta a ƙasashen waje. W123 tana da ƙarko, amma kayanta na asali suna da tsada. Motar da ba a taɓa sayar da irinta da yawa a Nijeriya ba, komai kyanta, takan ƙare ne a kan bulo tana jiran wani ƙarfe da ba zai zo ba.

Cikakkiyar mota mai mataccen injin ta fi mai tashi wadda aka yi wa ƙwace. Fistin da ringi da gasket ana samun su, amma fitilun asali da bamba da hannun ƙofa da agogon dashbod da tambarin kamfani su ne ke ɗaukar shekaru ana nema. Akwai kuma batun sitiyari: Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, don haka motocin da suka shigo kafin lokacin yawanci sitiyarinsu yana dama, kuma ƙa'idojin hanya na yanzu ba su yarda da irin su a kan titi ba. Wanda ya sayi irin wannan ya san cewa motar ajiya da nuni ya saya, sai fa in ya sami izini daga hukuma. Haka nan wanda ya hango mota a ƙetaren iyaka ya tuna cewa dokar kwastan ta ƙayyade shekarun motar da ake shigowa da ita, kuma iyakar ba ta kai ko kusa da shekara 30 ba.

2. Takardu da haƙƙin magada

Wannan mataki ba ya buƙatar sifana, amma shi ne ya fi jawo asara. Tsohuwar motar da ke cikin gida a birni sau da yawa dukiyar gado ce da ba a raba ba, kuma ɗan da makullin ke hannunsa ba lallai ne shi kaɗai ke da ita ba. Akwai mata da ƙanne da waɗanda ke zaune a wasu garuruwa, waɗanda ba su damu da motar ba lokacin da take cikin ƙura, amma za su tuna da ita ranar da ta fito tana walƙiya. Saboda haka dole mai saye ya tabbatar an raba gadon motar ta faɗa rabon mai sayarwa, ko kuma dukan magada sun amince a rubuce a gaban shaidu, kuma ya fi kyau mai unguwa ya san da cinikin. Idan akwai marayu ƙanana a cikin magadan, sai da hannun waliyyinsu ko kotu. Dillali yana neman la'adarsa ne, kuma maganarsa cewa ba matsala ba hujja ba ce a gaban alƙali.

Bayan haka sai a gwada lambar shasi da lambar injin da ke jikin motar da waɗanda ke cikin takardu, harafi da harafi. Lambar da aka goge, ko aka sake bugawa, ko aka yi walda a kewayenta, dalili ne na fasa ciniki. A nemi takardar mallaka, da tsohon lasisin mota, da takardar kwastan idan shigo da ita aka yi. Idan takardun sun ɓace, hanyar ita ce rantsuwar kotu da rahoton 'yan sanda, sannan a je ofishin rajistar motoci tun kafin a fara kashe kuɗi. Tsofaffin takardu da tsohuwar lamba da rasit na kamfani kada a yar da su ko da an sabunta rajista, domin su ne shaidar tarihin motar, kuma suna ƙara mata daraja.

3. Binciken shasi da jiki

Shasi shi ne ƙashin da ke ɗauke da nauyin mota. A Land Rover firam ne na ƙarfe daban da jiki, a Beetle faranti ne da jiki ke zaune a kansa, a 504 da W123 kuwa jikin da kansa shi ne shasin, don haka ruɓewar ƙasan motar ruɓewar ƙarfinta ce. Busasshen yanayin Katsina alheri ne a nan, domin motar da ta yi rayuwarta a Arewa ba ta cika tsatsa kamar wadda ta zauna a Legas ko Fatakwal ba. Duk da haka ruwan damina yana shiga ta robar gilashi da ta tsage ya kwanta ƙarƙashin kafet, don haka a ɗaga kafet, a duba ƙasan but da mazaunin batir da ƙasan ƙofofi da wuraren da shokozoba ke ɗaure. A Beetle a ƙara da duba hanyoyin iskar zafi da ke bin gefen ƙasan ƙofofi, saboda su ne ke riƙe da jikin.

Abin da ya fi tsatsa yawa a nan shi ne tsohon mugun gyara. A bi jikin motar da maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, fila aka cika wurin da ita, wato ƙullin da masu gyaran jiki ke shafawa don rufe lotsawa. Wannan gwaji ba ya aiki a jikin Land Rover, wanda na alminiyam ne. A lura da tazarar ƙofofi da bonet. Idan ɓangare ɗaya ya matse ɗayan ya buɗe, motar ta taɓa yin haɗari ta karkace. 504 doguwa da a-kori-kura sun fi buƙatar wannan bincike, domin yawancinsu sun yi shekaru suna haya da lodin da ya wuce ƙima, kuma akan sami wadda aka haɗa daga gaban wata da bayan wata. Irin wannan ba ta gyaruwa, sai dai a saye ta domin cire kaya.

4. Ɗauko mota da kwance ta

A ɗauko motar a kan babbar mota ko a ja ta da sandar ƙarfe, ba da igiya ba, domin birkin da ya daɗe a ajiye ba abin dogaro ba ne, kuma lungunan cikin birni ƙunci gare su, ga yara da ke taruwa duk inda ake tura mota. Da ta iso, kafin a kwance komai, a ɗauki hoton kowane sashe da waya, musamman hanyoyin wayoyi da bututai. Kowane noti da aka cire a saka shi a leda a rubuta inda ya fito. Mai sabon shiga yakan ɗauka zai tuna, amma aikin da aka yi zaton na wata biyu ne yakan kai shekara. Kada a yar da tsohon ƙarfe sai sabon ya zauna ya yi aiki, kuma a ajiye kayan a ɗaki mai makulli, domin lagireton tagulla da ke yashe a tsakar gida ba ya daɗewa kafin ya isa sikelin 'yan gwangwan.

Ba a kwance mota gaba ɗaya a lokaci guda. A gama sashe ɗaya a mayar da shi kafin a buɗe wani, kuma a yi yarjejeniya da bakanike a kan biyan kuɗi sashe-sashe, bayan an ga aikin. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti ba madadin ƙafafun ƙarfe ba ne, domin yana fashewa ba tare da gargaɗi ba.

5. Birki, sitiyari da tayoyi

Motar da ba ta tsayawa ba ta da dalilin tashi, shi ya sa birki ke zuwa kafin injin. Man birki yana tsotsar danshi daga iska, kuma bayan shekaru ruwan da ya tara yakan cinye cikin silindojin birki, ya kuma sa man ya tafasa idan birkin ya yi zafi, sai feda ta nutse ƙasa babu kamu. Don haka ana sauya dukan robobin birki da tiyo-tiyon roba, ko da a ido suna da kyau, domin tiyo yana kumbura ne daga ciki. A duba bututan ƙarfe, a zuba sabon mai irin wanda littafin gyara ya ambata, sannan a riƙa sauya shi duk shekara biyu. Tsofaffin takalman birki da farantin kuloci suna iya ƙunsar asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ƙurarsa ke haddasa cutar huhu da daji, saboda haka ba a hure ƙurar ganga da baki ko da iskar famfo. Jiƙa ta ake yi a goge da tsumma, da takunkumi a hanci.

A ɗaga gaban motar a girgiza kowace ƙafa domin gano lasassun boris da gaɓoɓin sitiyari. Taya kuwa ba a duba zanenta kaɗai. Tayoyin da aka ƙera daga shekarar 2000 suna da lambobi huɗu a gefe masu nuna mako da shekarar ƙira, misali 2319 na nufin mako na 23 na 2019, kuma tayar da ta tsufa tana fashewa a zafin kwalta ko da ba ta taɓa yin tafiya ba. Tayar Baljiyam, wato ta gwanjo, ba ta dace da motar da aka sha wahalar gyarawa ba.

6. Tayar da injin

Injin da ya daɗe a tsaye baƙin mansa ya gangara ƙasa ya bar bangon silinda da boris a bushe, kuma ringi yakan manne da tsatsa. Idan kiki, wato na'urar tayar da injin, ya juya shi da ƙarfi a wannan hali, ringi ya karye ya kankare silinda cikin daƙiƙa kaɗan. Hanyar da ta dace ita ce a cire fulogai, a zuba ɗan mai a kowace silinda, a bar shi kwanaki, sannan a sa sifana a kan notin fulin karanshaf a juya da hannu a hankali. Idan ya ƙi, a ƙara mai a ƙara haƙuri. Ba a sa dogon bututu a danne, kuma ba a tura motar a saki kuloci. Idan ya juya zagaye biyu ba tare da cijewa ba, sai a zubar da tsohon baƙin mai, a sauya matatarsa, a zuba sabo, a juya injin da kiki ba tare da fulogai ba har fitilar mai ta mutu, alamar man ya zagaya ko'ina.

Tsohon fetur yakan rikiɗe ya zama danƙo mai toshe kafireta, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska. A sauke tanki a wanke, a sauya dukan tiyon fetur, a wanke kafireta, kuma a yi tashin farko da tsabtataccen fetur daga ƙaramar jarka, a fili, da tukunyar kashe gobara a kusa. Tankin fetur ba a kai masa wutar walda ko da an zubar da man, domin tururin da ya rage shi ne ke fashewa. A distiribita akwai kontak, ƙananan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa domin aika wuta ga fulogi, kuma tazararsu a yawancin waɗannan motoci kusan milimita 0.4 ce. Bayan injin ya tashi ya yi zafi sai a auna matsin kowace silinda. Idan bambancin da ke tsakaninsu bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, kuma babu hayaƙi mai shuɗi ko ƙwanƙwasa, babu dalilin buɗe shi.

Kowace mota da tarkonta. Injin 404 da 504 yana da hannayen silinda da ake zarewa, waɗanda ruwa ke kewaye su kai tsaye, kuma idan aka cire tof, wato kan injin, aka juya karanshaf ba tare da an danne hannayen ba, sukan ɗaga su ɓata abin da ke toshe ƙasansu, daga nan ruwa ya riƙa haɗuwa da baƙin mai. Beetle ba ta da lagireto, iska ce ke sanyaya ta, don haka farantan gwangwani da robar da ke kewaye injin ba ado ba ne; idan aka cire su, kamar yadda ake yawan yi, injin zai riƙa shaƙar iskar da ya riga ya zafafa. Ana saita tazarar bawul ɗinta a milimita 0.15 injin yana sanyi, kuma da yake rariyar waya kawai gare ta a maimakon matatar mai, ana sauya baƙin manta duk kilomita 5,000 ko ƙasa da haka. Batirinta yana ƙarƙashin kujerar baya, kuma in ba a rufe kansa ba, ƙarafan kujerar suna iya taɓa shi su tayar da gobara. Game da fetur mai dalma, wanda aka daina sayarwa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara a farkon 2006, injinan da tof ɗinsu na alminiyam ne, kamar 504 da Beetle, ba su cika damuwa da rashinsa ba, amma Land Rover mai tof na baƙin ƙarfe tana iya buƙatar a saka mata mazaunan bawul masu tauri.

A garin da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, sanyaya injin babban al'amari ne. A kai lagireto a buɗe shi a share bututansa, a sauya tiyo da fanbel da murfi. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin dutse a cikin injin, don haka a yi amfani da tataccen ruwa haɗe da ruwan sanyaya injin, wanda ke hana tsatsa. Al'adar cire tamostat, wato ƙofar da ke tsare ruwa har injin ya ɗumama, ba ta maganin zafi. Tana ɓoye toshewar lagireto ne kawai, kuma tana sa injin ya daɗe yana aiki da sanyi a safiyar hunturu, abin da ke ƙara shan mai da cin silinda. Matatar iska mai kwanon mai a ƙasa, wadda ke kama ƙura a cikin man, ta fi dacewa da hazon Katsina, kuma kuskure ne a musanya ta da ƙaramar matata mai ƙyalli.

Akan ba mai mota shawarar ya jefar da injin asali ya ɗaura na wata motar Japan. Ga motar haya wannan lissafi ne mai ma'ana, amma ga motar tarihi ɓarna ce, domin lambar injin ba za ta ƙara dacewa da takardu ba, kuma abin da ya rage ƙoƙon mota ne kawai. Idan larura ta tilasta sauyi, a nemi injin irin nata, a adana na asalin.

7. Wayoyin lantarki

Ɓeraye da zafi da masu gyaran wayarin na shekaru arba'in sukan bar wayoyin tsohuwar mota a dagule. A cire duk wayar da aka ƙara, a bi zanen da ke cikin littafin gyara, a kankare wuraren da waya ke haɗuwa da jikin mota, domin yawancin matsalar fitila mai dishi-dishi daga nan take. Fis ɗin da aka naɗe da zaren waya ko takardar sigari a maye gurbinsa da na gaskiya mai ƙarfin da aka ƙayyade, tun da aikinsa shi ne ya ƙone kafin mota ta ƙone. Beetle da aka ƙera kafin 1967 yawanci mai bolt 6 ce, kuma batir mai bolt 12 zai ƙona mata ƙwayaye da na'urori. Makunnin yanke batir gaba ɗaya ƙari ne mai arha da ba ya ɓata asalin mota.

8. Gyaran jiki, fenti da kushin

Sai yanzu fenti ya zo, bayan an gama duk aikin da zai sa sifana ta goge shi ko man birki ya zuba a kansa. Wurin da ya ruɓe yanke shi ake yi a yi waldar sabon ƙarfe. Fila a kan tsatsa takan kumbura bayan damina ɗaya. A cire gilasai da fitilu da bamba kafin feshi, maimakon a liƙe su da jarida. A nemi launin asali a cikin but ko ƙarƙashin kafet, inda rana ba ta taɓa shi ba. Feshi a fili lokacin hazo ɓata fenti ne, kuma fentin zamani mai haɗi biyu yana da guba ga huhu, don haka sai a rufaffen ɗaki mai fitar da iska, da takunkumin da aka yi domin wannan aiki.

Kafin a kankare komai, a tsaya a yi tunani. Idan fentin kamfani yana nan, ya dushe ne kawai, wanki da gogewa da man ƙyalli sukan dawo da shi, kuma masana sun fi daraja shi a kan sabon feshi; wannan ita ce manufar Yarjejeniyar Turin da FIVA ta fara aiki da ita a 2013, wadda ta fifita adanawa a kan sabuntawa. Haka kujeru: ɗinke yagewa ya fi yaye fatar asali a sa leda mai sheƙi. Rim na zamani da baƙin gilashi da manyan lasifikoki ba su da gurbi a nan.

9. Tuƙi da ajiya

Kafin motar ta hau titi sai an sabunta lasisi, an sami takardar lafiyar mota daga jami'an VIO, an kuma yi inshora, wadda mafi ƙarancinta ga motar gida ya koma naira 15,000 daga Janairun 2023. Fitar farko a yi ta da sassafe a kan hanya mara cunkoso, da bakanike a gefe, a tsaya bayan 'yan kilomitoci a duba yoyo da zafin ƙafafu. Injin da aka sake wa ringi ana lallaɓa shi kilomita 1,000 na farko, sannan a sauya mai. Doguwar tafiya, kamar zuwa Daura ko Kano, sai bayan motar ta yi makonni tana zagaya gari lafiya, kuma da rana, da fanbel da kontak da fis da ruwa a cikin but.

Direban da ya saba da motar zamani ya sani cewa birkin nan ba shi da na'urar hana taya cijewa, sitiyarin yana da nauyi, fitilun kuma ba su kai na yanzu haske ba, saboda haka tazarar da zai bari tsakaninsa da Keke NAPEP ko babur ta ninka wadda ya saba. A sa bel ɗin kujera ko da motar ba ta zo da shi ba. A guji fetur ɗin 'yan bumburutu, domin ƙasa da ruwan da ke cikin jarka kai tsaye suke wucewa kafireta. Za a zo aron motar domin ɗaukar amarya ko yawon Sallah, kuma amsar da ta fi ita ce mai ita ya tuƙa da kansa ko ya ba da haƙuri, saboda jerin gwanon biki, da tsere da cunkoso da tsayawa injin na aiki, shi ne mafi munin yanayi ga tsohuwar mota.

A ajiye ta a inuwa mai rufi, a lulluɓe da yadi mai shan iska, ba tamfol da ke tara zafi yana goge fenti ba. A yanke batir, a saki birkin hannu a sa wa taya waigi, a hana ɓeraye wurin zama. Tayar da injin minti biyar a tsaye ba ya wadatarwa, domin bai isa ya kori danshin da ke cikin mai da salansa ba. A fita da ita duk mako biyu har ta yi zafi sosai. A kuma riƙa rubuta kowane gyara da kwanan wata da kilomita a littafi ɗaya da zai bi motar duk inda ta koma.

Ga iyalan da ke da irin wannan mota a gida kuma ba su da niyyar gyara ta, roƙon shi ne kada su miƙa ta ga masu yanka ƙarfe a kan farashin kilo kafin su nemi mai son ta, ko don ya gyara ko don ya ceci wata da kayanta. Kaduna ta daina harhaɗa 504, kuma duk wadda aka yanka ba za a sami madadinta ba.